Dan Allah wa ta taɓa ɗinka kayan ninkaya irin mai haɗe ɗin nan a gida?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ɗinki a cikinmu ku taimaka min da shawara. Ina fama da ciwon gwiwa da na baya tun bayan haihuwata ta ƙarshe, likitan ƙashi yace in rage tafiya mai nisa in koma motsa jiki a cikin ruwa tunda ruwa yana ɗauke nauyin jiki gwiwa bata shan wahala. To akwai wani wurin ninkaya a nan garinmu da suka ware ranakun mata zalla, har mai koyarwar ma mace ce, amma sunce sam ba'a shiga da tishat da dogon wando na auduga, sai dai kayan ruwa. Na zaga shaguna, duk wanda na samu irin mai haɗe ɗin nan sama da ƙasa a jiki ɗaya, in ya min daidai a faɗi sai ya min gajarta, ni kuma doguwa ce, sai kiji hannun yana cin kafaɗa ƙasan kuma yana shigewa inda bai kamata ba, wanda kuma ya kai tsawo ya min yawa a ƙirji. Na onlayin kuwa kuɗin kawai ya isa ki haƙura, gashi in bai yi ba babu mayarwa.

Shine nace me zai hana in ɗinka abina da kaina. Ina ɗinki daidai gwargwado, atamfa da leshi da kayan yara duk ina yi, amma yadi mai roba ban taɓa yanka shi ba. Kekena Butterfly ce, baƙar nan ta ƙafa. Wane yadi zan nema kuma ya zan gane na gaske, ya ake awonsa, sannan keken nawa zai iya ko sai na nemi wani? Niyyata daga baya in ɗinka doguwar riga da wando na ruwa in riƙa ɗorawa a kai, amma na cikin nake so in fara samu tukunna. Nagode.

Anti Bilki Mai Ɗinki:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Zai ɗinku tsaf, yankansa ma bai kai rabin wahalar rigar leshi ba, falle biyu ne kawai gaba da baya sai shafi, babu zif babu dat, wato tsukewar da ake yi don kaya su bi jiki, babu maɓalli. Amma abinda kika sani na atamfa ki ajiye shi gefe, domin a atamfa ƙari muke yi akan awo saboda mutum ya sake, nan kuma ragi ake yi. Dole kayan su fi jikinki ƙanƙanta, in kika gama yanka kika shimfiɗa a tebur gabanki ya faɗi kika fara tunanin kin ɓata yadi, to kina kan hanya. Yadin yana ƙara saki in ya sha ruwa, wanda ya miki cif-cif a ɗaki kina shiga ruwa zai fara reto, wuya ya buɗe, ruwa ya taru a mazaunai.

Yadi tukunna. Wanda ake so nailan ne da aka saƙa da zaren roba, shi ake cema sifandes ko ilastin, a kasuwa dai kowa Lycra yake cewa. Yawanci nailan kashi 80 roba kashi 20 ko kusa da haka. Matsalar itace a wurin 'yan kasuwarmu duk abinda ya tale Lycra ne, har na dogayen rigunan biki da sukuba da jesi mai auduga, kina cewa Lycra zasu sauko miki da bandir goma kowanne su rantse shine. Saboda haka ki tafi da tef ɗinki. Ki kama inci 4 na yadin tsakanin yatsunki ki ja akan tef ɗin, ya kai inci 6 ba tare da kin yi kokawa ba, ki juya ki ja ta tsaye shima ya kai, in ta gefe ɗaya kawai yake talewa ki barshi bazai yi mai haɗe ba, musamman ke da kike da tsawo. Sannan ki saki ki gani, na kirki nan take yake komawa yadda yake, na banza zakiga wurin ya yi tumbi ya ƙi komawa. Ni har fiya wata nake saya in roƙi mai shago ya yanko min ɗan ƙyalle daga baki, in jiƙa in tale shi akan bayan hannuna in fito rana, in ina hango fatata to ban saya. Wasu suna min dariya amma gara suyi dariyar a kasuwa.

In kina kusa da Kano ki duba Kantin Kwari, ki tambayi masu yadin kayan wasanni ko na kayan rawa, in ba'a samu ba masu zuwa Balogun a Legas ko Ariaria a Aba sukan taho da shi. Faɗinsa yawanci inci 60 ne, yadi 1 ya isa mai haɗe guda, amma ki sayi 1 da rabi saboda gwaji, sai yadi 1 na shafi, shima dole mai talewa ta ko'ina ne, kada ki kuskura ki sa shafin atamfa ko na leshi, zai ɗaure kayan ne gaba ɗaya su ƙi shiga.

Awo kuma, ƙirji da ƙugu da hif kin sansu. Na huɗun shine wanda ya hana ki samun na kanti. Ki ɗora bakin tef a kafaɗa, ki sauko da shi ta kan ƙirji, ya bi ta tsakanin ƙafafu, ya hau ta baya ya dawo inda ya faro. Ki sa wata ta riƙe miki ki tsaya a miƙe. Masu kamfani suna yin wannan zagayen ne akan matsakaiciyar mace, ke naki ya wuce nan. A faɗi ki rage kamar kashi 10 cikin ɗari, wato in hif ɗinki 40 ne kayan su tashi 36, in yadin mai laushi ne sosai ki ɗan ƙara ragi. A tsawo kuma ragin kaɗan ne ƙwarai, shi tsawo in ya gaza babu gyara, in ya yi yawa kuwa kafaɗa kawai zaki tsuke.

Kada ki wahalar da kanki da zana fatan, wato zanen takardar da ake bi a yanka yadi, daga farko. Ki je wurin 'yan gwanjo ki zaɓi ɗaya da ya miki daidai a faɗi ko da gajere ne ko da kalar bata miki ba, ki wanke, ki yanke robar bakin, ki farke ɗinkin gefe da kafaɗa da hantsa, ki ninka kowane falle biyu ki zana rabinsa akan takarda mai kauri. Sai ki raba takardar a daidai ƙugu ki buɗa ki liƙa wata a tsakani. In inci 3 kike nema a zagayen nan, to 1 da rabi a gaba 1 da rabi a baya, ba 3 kowanne ba. Kada ki manta ki mayar da abinda kika yanke na bakin roba. Wajen yanka kuma gefen da yadin ya fi talewa shi zai zagaye jiki.

Saura keke, kuma anan gizo ke saƙar. Butterfly miƙaƙƙen ɗinki kawai take yi, shi kuma baya talewa, kina cusa hif ɗinki ta wuya zakiji ɓas ɓas ɓas zare yana tsinkewa. Zigizag kike buƙata. Ko ki ari keken lantarki irin na tebur ɗin nan mai zigizag, ko ki yanka ki kai wa masu wibin, keken nan mai naɗe bakin yadi da zare, su haɗa miki gefe da kafaɗa, robar kuma ki kai wa mai 20U, keken da ake aikin wuya da shi, ai zigizag yake yi. Ki zauna a wurin a yi a gabanki.

Malam Sani Tela:

Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo zancen mata, harkar ɗinki ce ta jawo ni. Hajiya Bilki duk abinda kika faɗa haka yake amma ban yarda ace baƙin keke bazai yi ba kwata-kwata. Mu da muke gyaran wandunan 'yan ƙwallo da na masu tseren keke da shi muke yi, sai dai ka buɗe tsawon ɗinkin ya kai kamar 3, ka sassauta zaren sama kaɗan, ka riƙe yadin gaba da baya ka tale shi kana ɗinkawa, in ka saki sai zaren ya samu rara a ciki, ka bi layi biyu kusa da juna. Kuma yanzu akwai zare mai talewa da aka yi musamman saboda miƙaƙƙen ɗinki, kamfanin Coats suna da Eloflex, kamfanin Gütermann suna da Maraflex, in tana da mai zuwa waje ko ta samu a onlayin. Ba kowa ke da halin aron keke ba, kuma masu 20U in sallah ta matso ko kallonka basa yi.

Anti Bilki Mai Ɗinki:

Malam Sani a gefe da kafaɗa na yarda, an sha yi kuma yana riƙewa. Amma bakin cinya da wuya fa? Nan ne ake tale kaya iya talewa duk sawa duk cirewa, kuma a jiƙe. Wandon ɗan ƙwallo in ya farke ya ja riga ya rufe, ita kuwa tana tsakiyar ruwa. Ga mai koyo kuma da wuya ta iya tale roba da yadi da hannu biyu tana taka keke da ƙafa ɗinkin ya tafi daidai. Zaren da ka faɗa ban musa ba in ta samu, amma robar dai zigizag.

Hajiya Talatu:

Ni dai tambayata, 'yar nan duk wannan ɗawainiyar ta mece ce? Kayan da suka kama jiki haka ko cikin mata ne ai da kunya. Ki samu doguwar riga mara nauyi da hijabi ƙarami ki shiga abinki mana, in sun hana ki canza wuri.

Maman Ilham:

Hajiya ina wuni. Wallahi nima bazan iya yawo da shi haka tsirara ba, shiyasa nace na ciki ne, zan ɗora riga da wando. Amma wurin mata zalla guda ɗaya ne na sani a garin, kuma dokar tasu ce.

Nana 'yar Damagaram:

Sannunku. Hajiya Talatu ki gafarce ni, amma doguwar riga da hijabi na gida cikin ruwa mai zurfi hatsari ne babba, ba maganar gayu bace. Yadi mai faɗi yana naɗe ƙafa, hijabi kuma in ya jiƙe ya manne a fuska ga wadda bata iya ruwa ba sai ta ruɗe ta fara shan ruwa. Sutura da iyo suna haɗuwa lafiya lau amma sai an ɗinka kayan don ruwan.

Ni karatu nake a Faransa, kuma nan ne na koyi ɗinka nawa don dole. Burkini da kuke ji, wato kayan ninkaya mai rufe jiki da kai, wata mata ce ta ƙirƙiro shi a Ostireliya a 2004, Aheda Zanetti, haifaffiyar Lebanon, saboda mata musulmi su samu shiga ruwa da wasanni. A nan kuwa ya zama abin rigima, a 2016 garuruwan bakin teku irinsu Cannes suka hana sawa, har babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta dakatar da dokar garin Villeneuve-Loubet a watan Agusta na shekarar. A 2022 kuma Grenoble ta halatta shi a wuraren ninkaya na gwamnati sai kotun gudanarwa ta garin ta tsayar da abin, babbar kotun nan kuma ta tabbatar da hukuncin. Kuma su wuraren ninkayarsu na gwamnati ko namiji yawanci basa barinsa ya shiga da gajeren wando mai faɗi, sai mai kama jiki, wai tsafta. To ni a teku nake sa nawa lokacin hutu.

Maman Ilham shawararki ta fara da na ciki itace daidai, domin shi ke riƙe komai, na saman rufi ne kawai. In kinzo na saman ga abinda zaki kula. Rigar ta tsaya a tsakiyar cinya ko saman gwiwa, kada ta wuce, kuma kada ki mata fuka-fukai, ɗan buɗewa kaɗan daga ƙugu ya isa. Dole ki ɗaure ta da wandon, in ba haka ba kina shiga ruwa zata taso sama ta buɗe kamar lema duk abinda kika rufe ya fito. Ni 'yan igiyoyi nake ɗinkawa ta ciki a ɗinkin gefen rigar dama da hagu daidai ƙugu, in sa madauki a wandon, sai in ɗaure kafin in shiga, wasu kuma maɓalli suke sawa gaba da baya. Wandon ya kama ƙafa har idon sawu. Na kai kuma hula ce mai rufe wuya da yadin nan dai, ta kama fuska, ƙasanta ya shige cikin wuyan rigar, ba mai saukowa kan ƙirji tana yawo ba. Na saman bai buƙatar ragi mai yawa kamar na ciki, awon jikinki daidai ko ƙari kaɗan, kuma yadi mara sheƙi ya fi ɓoye jiki in ya jiƙe. Metir 3 zuwa 3 da rabi yana min riga da wando da hula, amma ni gajera ce, ke sai ki ƙara.

Koci Rukayya:

Ni ba tela bace, ninkaya nake koyar da mata da yara, bari in sa baki ta ɓangarena. Hana auduga ba wulaƙanci bane Hajiya, auduga tana shan ruwa ta yi nauyi ta ja mutum, tana zubar da gashi-gashi yana toshe matatar ruwan, wata kuma ta zubar da rini.

Maman Ilham tunda magani zaki yi da shi ba shaƙatawar sallah ba, wato zaki riƙa shiga duk sati, ki sani kulorin da ake zubawa a ruwan shine babban maƙiyin zaren robar nan, a hankali yake cinye shi, zakiga kayan sun fara saki a mazaunai suna yin shara-shara, wani lokaci har wasu 'yan fararen zarurruka su fito. Nailan ya fi laushi da daɗin sawa amma foliyesta ya fi jure kulorin da rana, in kika ci karo da wanda aka rubuta PBT a jikinsa, wani nau'in foliyesta ne, shine irin na masu atisaye kullum, sai dai bai kai nailan talewa ba, kinga sai ki rage ragin da Anti Bilki ta faɗa. Wannan ma yasa in zaki sayi na gwanjo don sawa ba don fatan ba ki ja robar bakin kusa da kunnenki, in kikaji tana ƙaras-ƙaras ta mutu.

Kala kuma dan Allah ki yi tunani. Fari da kalar madara suna nuna jiki in sun jiƙe ko da shafi. Shuɗi mai haske da ruwan toka ɓacewa suke yi a cikin ruwa, ni da nake tsaye a baki ina ƙirga kawuna wadda ta sa ruwan lemo ko hoda mai ƙarfi ko rawaya ita nake fara gani in ta nutse. Nasan yawancinmu baƙi ko nebi zamu ɗauka saboda kunya, ba laifi, amma ki sa hular ko hannun rigar su zama kala mai ihu tunda koyo zaki yi.

Wanki, kina fitowa ki ɗauraye da ruwan sanyi tun kafin ki tafi gida, kada ki ƙulle shi a leda ya kwana. Sabulu mara ƙarfi kaɗan, babu bilic, babu ruwan zafi, babu murɗawa, ki naɗe a tawul ki danna, ki shimfiɗa a inuwa. Dutsen guga kuwa kada ya kusance shi. Sannan ki daina zama a kan simintin bakin ruwa kai tsaye, yana tsefe mazaunan kayan.

Maman Ilham:

Kai Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wlh na ƙaru. Anti Bilki na samu yadin, nebi, ya ci jarrabawar tef da ta fiya wata hhh mai shagon yace ko daga wurin Anti aka turo ni. Maƙwabciyata ta ara min kekenta na lantarki mai zigizag. To na gwada akan ƙyalle amma ɗinkin yana tsallake, ya yi zigizag uku sai ya tafi miƙe sai ya dawo, bakin kuma yana yin lanƙwasa-lanƙwasa baya kwanciya, wani lokaci ma keken ya cusa yadin cikin ramin allura. Keken ne ko ni ce? Sannan robar, irin ta ƙugun wando da nake da ita zata yi? Kuma ya zan yi da ƙirji, ni mai shayarwa ce ba da daɗewa ba, bana son abu ya zama babu tallafi.

Anti Bilki Mai Ɗinki:

Ba ke bace ba keken bane, allura ce. Allurar atamfa tsini ne da ita, robar cikin yadin tana kama ta ta hana zaren yin madaukin da ƙugiyar ƙasa zata ɗauka, shine tsallaken da kike gani. Ki nemi allurar yadi mai roba lamba 11, ta kamfanin Organ ana rubuta HAx1SP a jikin fakitin, ta kamfanin Schmetz kuma 75/11 mai alamar rawaya, in duk babu ki karɓi mai dunƙulallen baki ta ɗinkin tishat, kuma sabuwa fil. Zare foliyesta sama da ƙasa, banda na auduga, ruɓewa yake. Lanƙwasar kuma jan yadin kike yi ko ƙafar keken ta danne da yawa, in akwai abin sassautawa a sama ki sassauta, ki bar keken ya ja da kansa ke dai saita hanya kawai. Maganin cusawa, ki sa 'yar takarda mara kauri a ƙarƙashi ki ɗinka tare ki yage daga baya, kuma kada ki fara daga can bakin yadi, ki ɗan shigo ciki. Haɗin gefe zigizag ƙarami, a lambobin keken faɗi 1.5 zuwa 2 tsawo 2.5. Duk gwajin da kika yi ki kama ƙyallen ki ja shi da ƙarfin tsiya, in zare bai tsinke ba sannan ki taɓa na gasken. Fil kuma ki soka a cikin bakin ɗinki kawai, yana barin huji.

Ki fara da hantsa, ga yadda ɗinkin zai ɓuya bazai goge ki ba. Ki haɗa gaba da baya na yadin fuska da fuska, ki haɗa gaba da baya na shafin suma fuska da fuska, sai ki ɗora su akan juna yadda falle biyun na baya zasu zama a tsakiya suna taɓa juna ta baibai, na gaba biyun suna waje sama da ƙasa. Ki ɗinke huɗun a hantsa lokaci ɗaya, in kika buɗe na gaban kowanne ya koma wurinsa zakiga ɗinkin ya shige tsakani babu shi ciki babu shi waje. Daga nan ki kama shafi da yadi da dogon ɗinki a baki su zama abu ɗaya, ki haɗa gefe da kafaɗa, ki gwada a jikinki KAFIN roba. Ki ɗaga hannu, ki durƙusa, ki sunkuya. A wannan matakin bakin cinya da wuya zasu yi sako-sako, kada ki tsorata ki tsuke, aikin roba ne. Tsawo kawai zaki duba da faɗi.

Ƙirji kuma tun kafin ki haɗa gefen zaki yi shi. Ki yanka wani falle daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji da irin fatan ɗin gaban, in kin samu raga mai ƙarfin nan ta cikin gedil ta fi, in babu shafin ma ya yi, ki ɗinka roba mai faɗi kamar inci 1 a ƙasansa ki ɗan tsuke, gefensa ya shiga cikin ɗinkin gefe, samansa ya bi wuya da hammata. Kofin soso ki saya irin wanda baya riƙe ruwa, ki sa kayan ki saita su a jikinki a gaban madubi ki kama da fil, ki cire ki zagaye su da zigizag akan wannan fallen na ciki. Kuma ki yi hannun mai faɗi, inci 1 da rabi zuwa 2, bayan kada ki zurfafa shi sosai, in baya ya yi zurfi kafaɗa zamewa take yi, in kuma kin rufe shi har wuya bazaki iya shiga ba sai da zif, ki tsaya daidai layin bireziya.

Robar ƙugun wando a'a, tayi kauri kuma bata jure kulorin, kafin yadin ya gaji ita ta saki. Ta kayan ruwa ake so, falalen roba ce zalla mara saƙa fara ko baƙa, ko mai auduga da roba da aka yi don ruwa, faɗin 3/8 na inci. In babu, ko in roba tana sa ki ƙaiƙayi, ki ɗauki mai garai-garai ɗin nan kamar leda, sai dai ki ja ta sau uku huɗu kafin ki auna domin tana fara saki ne a jan farko. Ki auna zagayen wurin a jikin kayan ki yanka robar ta gaza da kamar kashi 10, bakin cinya in 22 ne roba 20. Ki haɗa bakinta ta zama zobe, ki ɗora ta ciki akan shafin daidai baki, ki bi da zigizag faɗi 4 zuwa 5, robar kaɗai zaki ja banda yadin. Sai ki kalmasa sau ɗaya ki sake bi ta waje, kina ɗan talewa dai yadda zai kwanta.

A wuya da hammata ki raba robar huɗu ki raba wurin huɗu ki haɗa alama da alama, jan ya zama ɗaya ko'ina. Amma a cinya ba haka bane, ta gaba kusan kada ki ja ko kaɗan in ba haka ba zata yanke ki a matsematsi, duk inci 2 ɗin nan ki kashe su a baya ƙarƙashin mazaunai, nan ne ake so ta kama kada kayan su hau. Ki sa alamar alli inda bayan ya fara da inda ya ƙare kafin ki zauna a keke, kuma ki gama ƙafa ɗaya ki gwada tukunna, domin farke zigizag daga jikin roba ba ƙaramin aiki bane.

Malam Sani Tela:

Hajiya Bilki wannan dabarar hantsar ta falle huɗu tana yi a gefe ma kuwa, ko sai hantsa kawai?

Anti Bilki Mai Ɗinki:

Tana yi Malam, jerin ɗaya ne, sai dai ka juyo kayan ta wuya daga baya. Amma ita kada ta yi a na farko, ta bar gefen a fili saboda in ya mata yawa ta samu inda zata tsuke.